Falsafar Turawa da Ɗalibin Hausa: Abin da Na Koyo a Gwarinpa

Gabatarwa

Kusan kowane ɗalibi da ya shigo jami'a a ƙasar nan ya taɓa zama a ajin kwas ɗin nan na gama-gari da ake koyar da falsafa da manɗiƙi. Na kuma san yadda mafi yawanmu muka yi da shi, domin ni ma haka na yi. A nemi takardun lakca, a yi haddar sunaye da shekaru ana gobe jarrabawa, a juye wa malami kayansa, a fito a kakkaɓe riga. Wasunmu da ɗari-ɗari suke shiga ajin, saboda tun a gida an gaya musu falsafa hanyar ɓata ce. Wasu kuma cewa suke yi, mu da muka zo nazarin harshe da adabi da al'ada, ina ruwan biri da gada?

Ra'ayina shi ne mun yi wa kanmu asara. Ɗalibin Hausa yana cikin waɗanda suka fi kowa buƙatar sanin manyan ra'ayoyin falsafar Turawa, ya san su da Hausa, ya kuma auna su da abin da ya tarar a gida. Ba a aji na gane haka ba. A ƙofar gidan kawuna na gane, a Gwarinpa da ke Abuja.

Musun ƙofar gida

Gwarinpa babban rukunin gidaje ne da gwamnatin tarayya ta gina a zamanin mulkin Janar Sani Abacha. Can na yi hutun da ya wuce, wurin kawuna wanda tsohon ma'aikacin gwamnati ne. A bakin layinsu akwai wani mai shayi da ya daɗe a wurin, kusa da mai gyaran takalmi da mai sayar da lemo da ayaba. Wata safiya ma'aikatan hukuma suka zo da mota suka kwashe rumfunan bakin titin kaf, har da ta mai shayin.

Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma kamar kullum, zance ya tashi. Wani Alhaji maƙwabcin kawu ya ce, "Malam, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Rumfunan nan sun toshe magudanar ruwa, sun tsuke hanya. In mutum goma sun yi kuka yau, ai mutum dubu sun huta."

Kawu ya girgiza kai ya ce, "Haba Alhaji! Ɗan Adam shara ne da za a zo da sassafe a kwashe? Shekara nawa bawan Allahn nan yana ba yaranmu shayi bashi? Ko da dubu goma za su huta, ba a ci masa mutunci haka."

Wani maƙwabcin kuma ya ce shi dai da ya fito da rana ya ga titin ya yi kyau ƙwarai. Maigadi da ke gefe ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ranka ya daɗe, kyau ga mai mota."

Can sai kawu ya juyo gare ni ya ce, "Kai ɗan jami'a, ka yi shiru. Me littattafanku suka ce?" Na rasa ta cewa, alhali na ci kwas ɗin falsafa da maki mai kyau. Sai da na kwanta na gane cewa abin da na haddace na zubar shi ne dattawan nan suka raba dare suna musu a kai. Kowanensu ya riƙe wata tsohuwar mazhaba ta falsafa, bai dai san sunanta ba.

Mece ce falsafa?

Kalmar falsafa daga Larabci muka aro ta, Larabawa kuma daga Girkanci, inda take nufin son hikima. Tambayoyi huɗu ne ginshiƙanta. Mene ne haƙiƙanin abin da ke akwai? Ta yaya muke sanin abin da muke cewa mun sani? Me ya kamata mutum ya aikata? Mene ne kyau? Manɗiƙi kuwa shi ne ma'aunin da ake gwada hujja da shi. Idan wani ya ce maka duk ɓarawo yana yawon dare, maigadi ma yana yawon dare, don haka maigadi ɓarawo ne, za ka ji a jikinka cewa zancen ya karkace. Manɗiƙi ne zai nuna maka daidai inda ya karkace.

Turawa kan faro labarin daga birnin Atina na ƙasar Girka, da mutum uku. Suƙrat, wanda suke kira Socrates, bai rubuta littafi ko ɗaya ba. Yawo yake yi a kasuwa yana tare masu da'awar sani, yana tambayarsu ma'anar adalci ko jarunta, har su gane ba su san abin da suke faɗa ba. Mu mukan ce matambayi ba ya ɓata, amma shi tambaya ce ta jawo masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bisa zargin lalata tunanin matasa da saɓa wa addinin garin. Almajirinsa Aflaɗun, wato Plato, ya rubuta littafin Jamhuriya, inda ya zana birni a cikin tunani don ya gano yadda adalci yake. Almajirin Aflaɗun kuma shi ne Arisɗo, wato Aristotle, wanda ya tsara ilimin manɗiƙi.

Wanda ya zauna a Abuja ba zai ji zancen Aflaɗun baƙo ba. Birni ne da aka yi dokar kafa shi a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammed, aka zana taswirarsa a takarda kafin a aza tubali, sannan gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Tun daga lokacin tambayar Aflaɗun ke bin sa: tsarin nan adalci ne ga wa? Ga ma'aikacin da aka gina wa gida, ko ga Gbagyi da aka tarar a ƙasar, ko ga lebura da mai shayi da birnin ba ya iya rayuwa sai da su? Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan Abuja, har yau mutane sun rabu biyu a kansu.

A kan tambayar sani kuwa, Rene Descartes na Faransa (1596–1650) ya ce gaɓoɓi na iya yaudarar mutum, don haka ya yi shakkar komai har ya tsaya a kan abu guda da ba ya shakkuwa, wato kasancewar shi mai shakkar yana tunani. John Locke na Ingila (1632–1704) ya ce a'a, zuciyar jariri kamar wankakken allo take, gani da ji da taɓawa ne ke rubutu a kanta. Bahaushe da ya ce gani ya kori ji ya kusanci Locke. Amma Descartes zai tambaye shi, kawalwalniyar da ka hango a kan kwalta da tsakar rana fa, ba da idonka ka gan ta ba?

Baƙuwa ce a ƙasar Hausa?

Ga masu ganin falsafa kayan Nasara ce da ta zo da boko, tarihi bai goyi bayansu ba. A ƙarni na 9 an fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza, malamai irin su Alkindi da Alfarabi da Ibn Sina da Ibn Rushd suka yi sharhi a kansu, suka ƙara nasu. Ta hannun waɗannan ne ma Turawan Yamma suka sake sanin da yawa daga ayyukan Arisɗo. Gaskiya ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masu falsafa raddi mai zafi a kan wasu mas'alolin aƙida. Sai dai ya karance su ciki da bai kafin ya yi raddin, kuma bai yar da manɗiƙi ba, ya ma rubuta littattafai a kansa.

Wannan ilimi ya iso mana tun da daɗewa. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar yana kare halaccin karatun manɗiƙi. Wa ya yi karatun zaure bai san Ahalari ba? To, marubucinsa Abdurrahman al-Ahalari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne kuma ya wallafa Sullam, waƙen manɗiƙi da malamanmu ke karantarwa, wanda tushensa yake komawa ga Arisɗo. A daular Sakkwato kuma an yi Abdulƙadir ɗan Tafa (1804–1864), jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda bayan littafinsa na tarihi Raudatul Afkar ya yi rubuce-rubuce a fannin hikima. Ashe magabatanmu ba su gudu ba. Sun karanta, sun tace, sun ɗauki abin ɗauka.

Mazhabobi uku a kan ɗabi'a

Mu koma kan tabarmar kawu. Maganar Alhaji ita ce mazhabar amfani, wadda Jeremy Bentham (1748–1832) da John Stuart Mill (1806–1873) na Ingila suka yi fice da ita. A wurinsu, ana auna aiki ne da sakamakonsa. Aikin da ya fi kawo jin daɗi ga mafi yawan jama'a, ya rage musu wahala, shi ne daidai. Da wannan ma'auni gwamnatoci kan yanke shawarar inda za a yi hanya ko madatsar ruwa. Ƙarfinsa shi ne yana ƙirga kowa ɗaya, sarki da talaka. Rauninsa kuwa, idan lissafi ya nuna a danne tsiraru don masu yawa su huta, da wuya ya hana.

Maganar kawu ita ce ta Immanuel Kant na Jamus (1724–1804). Shi a ganinsa akwai wajibin da ba ya sauyawa ko me sakamako zai kasance. Ya ba da gwaji biyu. Na farko, kafin ka aikata abu ka tambayi kanka, za ka yarda wannan ya zama doka ga kowa, har da a kanka? Na biyu, kada ka mayar da mutum makami kawai na biyan buƙatarka, domin ɗan Adam yana da darajar da ba a yi mata farashi. Na daɗe ina neman yadda zan faɗi wannan daraja da Hausa, ashe kawu ya riga ya faɗa: mutunci. Amma Kant ma yana da nasa tsaurin. Ya tafi a kan cewa ƙarya ba ta halatta ko da ga mai kisan kai da ya zo neman wanda ka ɓoye. Bahaushe ya yarda gaskiya dokin ƙarfe ce, sai dai ya san maganar da ake sassautawa don a sasanta mata da miji ko a tsirar da rai. A nan muna da abin faɗa wa Kant.

Mazhaba ta uku ba wanda ya ambace ta a daren, kuma ita ce ta fi kusa da mu. Arisɗo bai fara da tambayar wane aiki ne daidai ba, ya fara da tambayar wane irin mutum ya kamata ka zama. Ya ce halin kirki da sabo ake samunsa, kamar yadda maƙeri ke zama maƙeri da yawan ƙira, abin da muke nufi da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kuma ce kowane halin kirki tsakiya ne tsakanin wuce gona da iri da gazawa. Jarunta tana tsakanin ganganci da ragwanci, kyauta tana tsakanin almubazzaranci da rowa. Da wannan ido, ko da kwashe rumfunan ya zama dole, sai a tambaya: yaya ma'aikaci mai hankali da tausayi zai yi aikin?

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya kawo halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk wanda ya jera su da na Arisɗo zai ga kama, zai kuma ga bambanci. Misali, Arisɗo bai ɗauki kunya a matsayin cikakken halin kirki ba, yana ganin ta dace da matasa ne, ba dattawa ba. Mu kuwa dattijo ma da kunya ake saninsa, uwa tana kunyar ɗan fari, suruki yana kunyar suruki. Wa ya fi gaskiya? Ga batun kundin digiri sukutum, yana jiran mai ɗauka.

Mene ne kyau?

Saura maganar maƙwabcin da ya ce titi ya yi kyau, da amsar maigadi. Wannan fage shi ya fi shafarmu, mu masu tarken adabi. Duk sanda muka ce waƙa ta yi armashi ko salon marubuci ya burge, hukuncin kyau muka yanke. Da wane ma'auni?

Aflaɗun ya ji tsoron mawaƙa. Ya ce kwaikwayo suke yi, suna motsa zuciya su danne hankali, don haka ya hana mafi yawansu zama a birninsa. Arisɗo ya saɓa masa, ya ce wasan kwaikwayo mai ban tausayi yana tayar da tsoro da tausayi ne don ya wanke zuciyar mai kallo. Wanda ya bi muhawarar da aka yi a jaridu a kan adabin kasuwar Kano, tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu, ko ya san dalilan kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, zai ga tambayoyin nan ne suka dawo da sabuwar riga. Shin aikin adabi gyaran tarbiyya ne, ko nishaɗi, ko nuna rayuwa yadda take? Wa ke da ikon yanke hukunci?

Alexander Baumgarten na Jamus ne ya raɗa wa wannan fanni suna a ƙarni na 18. Kant kuma a littafinsa na 1790 ya ce hukuncin kyau na gaskiya shi ne wanda babu buƙata a cikinsa, wato abu ya burge ka ba don za ka ci ko ka sayar ko ka mallaka ba, kuma kana sa ran kowa ya taya ka ganin kyansa. Mu gwada wannan da Ladi Kwali, gwanar ginin tukwanen nan 'yar garin Kwali a yankin babban birnin tarayya, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin. Tulunan Gbagyi na ɗibar ruwa da ajiya ta gada. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, aka riƙa yi wa tulunanta ƙyalli ana kai su baje-koli a Turai. Tambaya a nan, yaushe tulun ya zama mai kyau? Ranar da ya daina ɗaukar ruwa ya hau kanta, ko tun yana tsakar gida?

Harshenmu yana da amsarsa. Mukan ce kyan alkawari cikawa, kyan tafiya dawowa, kyan ɗa ya gaji ubansa. A nan kyau yana nufin abu ya cika abin da aka yi shi dominsa. Kalma ɗaya ce ta ɗauki kyan gani da kyan hali, har muka tanadi kyan ɗan maciji ga abin da ya burge ido alhali yana cutarwa. Maigadin Gwarinpa bai karanta Kant ba, amma raddi ya yi masa: titin da ya kori mai neman abinci, kyansa bai cika ba. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, hujja ce da ta cancanci amsa.

Inda za a yi hattara

Ban ce a haɗiye komai ba. Wasu daga cikin manyan nan sun faɗi maganganun raini a kan baƙar fata. David Hume da Kant sun yi, Hegel kuma ya fitar da Afirka daga cikin tarihin duniya. Abin mamaki, tun a 1734 wani mutumin Axim ta ƙasar Gana ta yanzu, Anton Wilhelm Amo, ya sami digirin dakta a falsafa a Wittenberg, ya kuma koyar a jami'o'in Halle da Jena na Jamus. Akwai kuma ra'ayoyin da suka ci karo da aƙidar mai karatu kai tsaye. Maganin wannan shi ne abin da Gazali ya yi, ka san maganar mutum da kyau sannan ka amsa masa. Ɗalibin da bai san tushen ra'in Markisanci ko na mata ba, amma ya ɗora shi a kan Ruwan Bagaja don malami ya ce a kawo ra'i, shi ne ya fi kowa haɗiye abin da bai tauna ba.

Kammalawa

Masanin falsafa Kwasi Wiredu na Gana ya sha ba 'yan Afirka shawarar su mayar da matsalolin falsafa cikin harsunansu su gani ko za su tsaya da ƙafafunsu. Wannan aiki namu ne, domin mu aka horar a kan ma'anar kalma da karin magana. Ina ba da shawara uku. Ƙungiyar ɗaliban Hausa ta riƙa shirya muhawara da Hausa zalla a kan irin waɗannan tambayoyi. Masu neman batun kundi su duba kalmomi irin su mutunci da kunya da armashi da azanci, su kwatanta su da ra'ayoyin waje. Sannan a fara tattara keɓaɓɓun kalmomin falsafa, kamar yadda malamanmu suka yi wa ilimin harshe da adabi a ƙamusun da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990.

Kafin in baro Gwarinpa mai shayin ya dawo, da teburi da benci ɗaya ba rumfa, a wani lungu nesa da titi. Alhaji ne ya fara zuwa ya sayi shayi, kawu kuma ya amsa cewa ruwan sama ya daina kwanciya a bakin layin. Ba wanda ya janye maganarsa. Ni dai na ɗaukar wa kawu alkawarin cewa in ya sake tambayata abin da littattafanmu suka ce, zai ji amsa, kuma da Hausa. Allah ya sa mu dace.